Ina ya kamata in kai uwargida nutso a teku, Masar, Zanzibar ko Maldif?

Dan_Birni
Salamu alaikum jama'ar Damagaram, ina wuninku. Shawara nike nema wajen waɗanda suka san waje. Lokacin da nike karatu a Tunisiya na koyi plonje, nutso cikin teku da butel ɗin iska a baya, har na samu takardar matakin farko ta CMAS, ƙungiyar masu nutso ta duniya, a garin Tabarka. Tun da na dawo gida ban sake shiga ruwa ba amma abun bai fita raina ba. Yanzu Allah ya hore, ina da kwanje a watan Fabrairu, ina so in ɗauki uwargida mu tahi mu biyu, yara su zauna wajen kakarsu. Ita ko teku ba ta taɓa gani ba. Wurare ukku nike dubawa, Bahar Maliya ta ɓangaren Masar, Zanzibar, da Maldif. Matsalar ita ce duk otel ɗin da na buɗe a intanet hoto iri ɗaya ne, ruwa shuɗi da farin rairayi, kowa na cewa nashi ya fi. To da mi ake gane na kirki? Kuɗin da na ware miliyan biyu da rabi ne na sefa har da jirgi.

Ummi227
Masha Allah, Allah ya ƙara danƙon ƙauna. Amma yaya tambaya ɗaya, ita madam ta iya iyo?

Dan_Birni
Ba ta iya ba Ummi, shi ya sa nike so wuri mai sauƙi.

Bako_Alkahira
Wa alaikumus salam. Ni a Alkahira nike karatu kuma na sha zuwa Bahar Maliya, da wannan kuɗin naka Masar ce daidai kai wallahi. Nan ne nutso ya fi araha cikin ukkun da ka lissafa, kwas ɗin farko yawanci tsakanin Yuro 300 da 400 ne, ka lissafa da 656 ka ga jika ɗari biyu da wani abu kenan. Amma Masar ɗin ma kashi kashi ce. Hurghada gari ne babba, araha, amma kusan kullum sai an shiga jirgin ruwa tun safe a dawo da la'asar. Garin Sharm el-Sheikh yana da Ras Muhammad, wurin da gwamnati ta killace tun 1983, kifi kam sai wanda ya gani. Marsa Alam can kudu shiru ne, babu gari sosai, otel da hamada da teku kawai, amma otel da yawa suna da murjaninsu a bakin ƙofa, ka taka da ƙafa daga rairayi ka shiga, babu jirgi babu jiri. Ga mace da ba ta taɓa ganin teku ba ni wannan na ukkun zan ce. A Abu Dabbab manyan kififiya na kiwo cikin ciyawar ruwa a wuri mara zurfi, ko daga sama da maski kana ganinsu.

Sani_Kwatano
Bako ka manta ka gaya mai sanyi. Fabrairu ruwan Bahar Maliya digiri 21 zuwa 22 ne kuma ga iska, in ka fito daga ruwa haƙora har kaɗawa suke. Mu da hunturun Damagaram kaɗai ke sa mu kwana da garwashi. Mace ta fara koyo cikin sanyi gobe ba za ta yarda ta koma ba.

Bako_Alkahira
Gaskiya ne akwai sanyi, ana ba da rigar roba mai kaurin milimita 5. In da zai iya ɗaga kwanjen zuwa Mayu ko Oktoba da ya fi.

Dan_Garin_Malam
Ni dai abun nan ya tsaya min a rai. Muna garin da mata ke kwana layin famfo, 'yan garuwa na tsawwala kuɗi lokacin zafi, ana zancen kashe miliyan biyu da rabi don a je a kalli kifi. Ba hassada ba ce wallahi, amma da rijiya aka gina ko aka kai baiwar Allah Umra ai ya fi lada.

Hajiya_Zango
Ɗana maganar ruwa gaskiya ka faɗa, duk muna cikinta. Amma ba ka san abin da mutum ke yi tsakaninshi da Allah ba, kuma kyautata wa iyali ai shi ma lada ne. Mazanmu nawa ne ke tahiya Dubai da Cin su kaɗai shekara da shekaru matar ko Yamai ba ta sani ba. Wanda ya ce zai tahi da tashi a bar shi ya tahi da ita.

Dan_Birni
Na ji maganarka Dan_Garin_Malam kuma ban ji haushi ba, ni ma a Birni nike ina sayen ruwan nan. Wannan baiwar Allah ta yi haƙuri da ni lokacin da babu, shi ne nike so ta ga wani abu na ikon Allah da na gani ni kaɗai.

Habu_Jidda
To ai ana iya haɗa biyun. Jidda a bakin Bahar Maliya take, ana nutso a Obhur arewacin gari, Yanbu ma haka kuma murjaninta ya fi kyau. Ku yi Umra ku huta sannan ku yi kwana kaɗan a bakin ruwa, akwai mata 'yan Saudiya da ke koyar da nutso yanzu. Sai dai ba arahar Masar, kuma ka tambayi ajans ɗinka irin bizar da za su yi maku.

Likita_Mirya
Kafin a yi nisa da zancen otel bari in sa baki a ɓangarena, don duk wannan bai da amfani in lahiya ba ta ba da dama ba. Na farko, mace mai ciki ba ta nutso, ko da wata ɗaya ne, ko da ana zato ne kawai. Na biyu kuma wanda ya fi damuna a ƙasarmu, sikila. Mai SS ko SC bai kamata ya yi ba sam. Mai AS ya zauna da likita tukuna a duba shi. Mutane da yawa a nan ba su san nasu ba, ku je ku yi gwajin ku biyu. Sai asma, farfaɗiya, ciwon zuciya, hawan jini da ba a daidaita ba, da wanda kunnenshi ya taɓa fashewa. Ko mura ce kawai ranar ba a shiga, saboda kunne ba zai daidaita ba. Dalili shi ne duk mita 10 da ka sauka nauyin da ke danne jiki na ƙaruwa da kwatankwacin na iskar duniya gaba ɗaya, a mita 10 ya ninka biyu kenan, a mita 20 ya ninka ukku. Iskar da ka shaƙa a ƙasa in ka riƙe ta ka taso sai ta kumbura a huhu, shi ya sa doka ta farko ita ce kar a riƙe numfashi. Kuma naitirojin na narkewa cikin jini, in aka taso da gaggawa sai ya yi kumfa ya toshe jijiya, yana iya kawo shanyewar jiki. Don haka ake tsayawa a mita 5 na minti 3 kafin a fito, kuma ba a hawa jirgin sama sai an yi aƙalla awa 18 bayan nutso na kwanaki, da yawa ma cewa suke a cika 24. Ka tsara ranar ƙarshe ta zama ta kasuwa da hutu.

Direba_Magarya
Likita ai na ɗauka oksijin ne cikin butel ɗin irin na asibiti

Likita_Mirya
A'a, iskar nan ce da muke shaƙa aka matse, oksijin ɗinta kashi 21 cikin 100. Tsantsar oksijin a zurfi guba ce, tana sa mutum ya yi farfaɗiya cikin ruwa. Amma dole a samu butel ɗin oksijin a jirgin don agajin gaggawa, wannan ma tambaya ce da zai yi masu.

Nana_Dar
Ina wuni yaya Dan_Birni. Ni aiki ya kai ni Darussalam kuma Zanzibar kusa ce gare mu da jirgin ruwa. Fabrairu lokaci ne mai kyau, ruwa da ɗumi, ruwan sama mai yawa sai Maris zuwa Mayu. Mutanen musulmi ne, kiran salla ko'ina, abinci babu fargaba, madam za ta ji daɗin Stone Town da gonakin kanumfari. Amma abu biyu. In ka kama otel a gabas irin Paje ko Jambiani, teku na janyewa nesa sosai kullum, sai ka wayi gari ka ga ruwan ya tahi, dole ka jira ya dawo. Nungwi da Kendwa a arewa ba su da wannan matsalar sosai kuma daga nan ake zuwa nutso a tsibirin Mnemba, ko da yake jirage na yin yawa a wurin. Na biyu biza. Masu fasfo ɗin Nijar ba a ba mu a filin jirgi, muna cikin ƙasashen da sai an tura takardunsu an bincika, yana iya cin wata biyu. Kar ka sayi biye sai ta fito. Kuma tun Oktoba 2024 duk baƙon da zai shiga Zanzibar sai ya sayi inshorarsu ta Dalar Amurka 44.

Sani_Kwatano
Shi ya sa ni Maldif nike ba shi shawara. Biza kyauta a filin jirgi ta kwana 30, ka nuna biyen komawa da shaidar otel, ka cika fom ɗinsu a intanet kafin ka tashi shi kenan. Ruwa digiri 28 ko fiye duk shekara kuma Fabrairu tsakiyar raninsu ne, ruwan garau.

Ummi227
Maldif da miliyan biyu da rabi? Yaya Sani ai can ne na masu kuɗin duniya, ɗaki kan ruwa

Sani_Kwatano
Wannan da kike gani a Instagram tsibiran otel ne, su kam a bar su, dare ɗaya na iya cinye albashin wata da wata. Amma tun wajen 2009 gwamnati ta yarda mutanen gari su buɗe masauki a tsibiran da suke zaune, irin Maafushi, Rasdhoo, Dhigurah. Can farashi na mutane ne, ba a sayar da giya, ga masallaci, matan garin da lulluɓinsu, kuma akwai makarantun nutso. A Dhigurah ake ganin babban kifin nan mai ɗige ɗige da ya fi kowane kifi girma a duniya, ba ya cin mutum. Abin lura shi ne kuɗin kai ka tsibirin daga Male babban birninsu, na kusa da jirgin ruwa mai gudu ne, na nesa sai jirgin sama, mai sauka kan ruwa kuma shi da rana kaɗai yake tashi ga tsada. Sannan ka tambaya farashin da suka rubuta har da haraji da kashi 10 na sarbis ko babu, don a ƙarshe ake lafta su. Jirgin zuwa ne zai ci rabin kuɗinka ko fiye, wannan ba na musu.

Bako_Alkahira
Sani amma ka faɗa mai ruwan Maldif na da ja a mashigin tsibirai, ba wurin ɗan koyo ba ne ko'ina.

Sani_Kwatano
Ai ba a kai ɗan koyo mashigi, cikin tafkin tsibirin ake farawa inda ruwa ke kwance.

Monita_Dakar
Salam. Ni ɗan Sabon Gari ne amma a Dakar nike, aikin nutso nike yi na gyaran jirage kuma na koyar da mutane. Na karanta duka. Kuna ta gardamar ƙasa, alhali tambayar da ya yi tun farko ita ce da mi ake gane wuri na kirki. Otel daban, masu nutso daban, ko da a harabar otel ɗin suke yawanci wani kamfani ne. In za ka bi hanyar Agadas ai direba kake tambaya ba fentin mota ba. Ka fara zaɓen makarantar nutso sannan ka nemi ɗaki kusa da ita. Ka rubuta masu ka tambaya ɗalibi nawa ne ke hannun malami ɗaya, in sun wuce huɗu ga masu fara koyo ni ban so. Da wane harshe za a koya mata, don in ba ta jin Ingilishi dole a samu mai Faransanci, maganar rai ce ba a yin ta da hannu da ka. Akwai malama mace? Akwai pisin ko wuri mara zurfi na fara koyo? Kaya na cikin farashi ko haya ne daban, kuma suna da rigar da ta yi mata daidai? Minti nawa ne a jirgi zuwa wurin nutso? Ina ne ɗakin matsin iska mafi kusa da ake sa wanda naitirojin ya kama, awa nawa ne zuwa can? A Sharm da Hurghada akwai, a Maldif akwai a tsibirin Bandos kusa da Male. A Masar ka duba suna da lasisin CDWS, hukumar da ke kula da makarantun nutso a can. Yadda suka amsa maka kaɗai ya isa ka gane su, wanda ya ce maka kar ka damu komi normal ba tare da ya amsa ko ɗaya ba ka bar shi. Kuma kai kanka malam, takardarka ta mita 20 ce kuma ka daɗe ba ka shiga ba, sai ka yi bita da malami kafin komi. Ku sayi inshorar nutso irin ta ƙungiyar DAN, don inshorar tahiya da yawa ba ta biyan ɗakin matsin nan.

Dan_Birni
Allah ya saka da alheri Monita, wannan ne nike nema. To ita da ba ta iya iyo ba za su karɓe ta?

Monita_Dakar
Kwas ɗin takarda na PADI, ƙungiyar da ke ba da takardar nutso, sai ta yi iyon mita 200 ba tsayawa, ko 300 da maski da takalmin iyo, ta kuma zauna saman ruwa minti 10. Kwana ukku zuwa huɗu ne, nutso huɗu a teku, iyakarta mita 18. In ba ta iya ba akwai na gwaji na yini ɗaya, malami na riƙe da ita, ba a wuce mita 12, babu takarda. Ni shawarata ta fara koyon iyo tun yanzu, ko a pisin a Yamai in kuna zuwa. Mai tsoron ruwa in ruwa ya shiga maskinta abin da za ta fara yi shi ne ta harba sama, kuma shi ne abin da likita ya ce kar a yi.

Direba_Magarya
Mu da muka yi kurme a tabkin Gidimuni muna yara ba butel ba malami, sai dai tsargiya da muka kwaso. Dan_Birni in ta Kano za ku tashi ya fi maku kusa nesa ba kusa ba, kilomita ɗari biyu da wani abu ne, Yamai kuwa kusan 900. Ka gwada farashin biye ta can ma, kuma kar ku manta katin rigakafin shawara, duk ƙasashen nan suna iya tambayarku shi.

Ummi227
Ni fa kifin shak nike tsoro. Ba a Hurghada ba ne ya cinye wani Bature?

Bako_Alkahira
Ya faru a Yunin 2023, ɗan Rasha ne yana iyo kusa da gaɓa. Amma ki duba miliyoyin da ke shiga ruwan kowace shekara, abu ne da ba kasafai ba. Ni abin da zan ce su guje ma shi ne jiragen da ake kwana ciki mako guda a tsakiyar teku, ba na masu farawa ba ne, a Nuwamban 2024 ɗaya ya kife kusa da Marsa Alam an rasa rayuka. Haka Blue Hole, wani rami mai zurfi cikin teku a garin Dahab, daga sama lahiya lau ne amma masu neman zurfi da yawa sun mutu a can. Dan_Birni na san za a kwaɗaita maka Thistlegorm, jirgin Ingila da Jamusawa suka nutsar a 1941, har yanzu babura da motoci na jere a cikinshi, amma yana wajen mita 30, ya fi ƙarfin takardarka, ka bar shi sai wani zuwan.

Malam_Kuran_Daga
An tambaye ni ta gefe ko wannan jefa kai ga halaka ne. Abin da na sani Allah ya ambaci hore mana teku a Suratun Nahli, mu ci nama sabo mu fitar da kayan ado daga cikinta, kuma masu nutso ne ke fitar da su. In an bi ƙa'ida an koya wajen masana ba ganganci ba ne. Abin kiyayewa shi ne sutura da salla, da wurin da za a sauka, don wasu otel ɗin giya da kiɗa ne dare da rana. Kuma ka duba kalanda malam, azumi na kamawa cikin Fabrairu, kar tahiyar ta faɗa ciki.

Likita_Mirya
Wannan na azumi muhimmi ne ta ɓangaren lahiya ma, ƙarancin ruwa a jiki na ƙara haɗarin ciwon naitirojin ɗin. Ku gama kafin a ga wata ko ku bari bayan salla.

Maman_Faiza
Salamu alaikum. Ni ce matar da ake magana a kai, Baban Faiza ya nuna min na ce bari in faɗi nawa da bakina. Na gode maku duka, Hajiya na gode. Gaskiya ina so in je, tun da ya nuna min bidiyon kififiyar nan nike mafarkinta. Amma abin da ke raina ukku ne. Ban so namiji ya riƙe ni cikin ruwa, mace nike so. Ina so in san mi zan sa, don rigar robar nan tana kama jiki. Na ukku kuma shi ne babba, ban so a kai ni otel a aje ni ɗaki shi ya shiga jirgi tun safe sai magariba, ni ban san kowa ba ban jin harshensu. In haka ne gara in zauna gidana da yarana. In na gwada na ji tsoro na fasa, ina so ya zama wurin da zan iya zama bakin ruwa ina ganin inda ya shiga, ya fito mu ci abinci tare.

Hajiya_Zango
Kin ji magana. Ɗiyata kin yi daidai da kika faɗa tun yanzu.

Nana_Dar
Maman Faiza kar sutura ta dame ki, ni da burkini nike shiga, kayan iyon mata mai rufe jiki duka, ki sa rigar roba doguwa har wuyan hannu da idon sawu, ki ɗora riga mara nauyi a sama wadda ba ta da igiya ko baza da zai maƙale a kaya, kai kuma akwai hular roba ko hijabin iyo mai kama kai. Da kin fito ki yafa babban tawul ko jallabiya. Ki sayi naki maskin da ya zauna a fuskarki, na haya ne ke yawan shigar da ruwa. Kuma malamai mata suna nan a Nungwi, ki sa a rubuta a tabbatar da sunan wadda za ta kasance ranar, kar a ce maku akwai ku je a ce ta tahi hutu.

Bako_Alkahira
To abin da madam ta faɗa ai Marsa Alam ta siffanta, murjani a bakin otel, ya shiga awa ɗaya ya fito.

Sani_Kwatano
Ko ƙaramin tsibiri a Maldif, jirgi na fita da safe ya dawo kafin azahar kuma ga mata musulmi da za ta zauna da su, ba hamada ba. Ga ɗumi. Bako sanyin nan fa ba ka da amsarshi.

Dan_Garin_Malam
Tunda baiwar Allah ta yi magana ni na yi shiru, Allah ya kai ku lahiya. Amma maganar Habu ta Umra a sake duba ta.

Dan_Birni
Amin na gode. Na tura tambayoyin Monita ga makarantu a Marsa Alam da Rasdhoo da Nungwi. Ta Marsa Alam ta amsa dalla dalla, suna da malama mai Faransanci amma sun ce sai Afrilu za ta dawo. Ta Rasdhoo akwai mace amma Ingilishi kaɗai. Nungwi shiru har yanzu. Gobe in sha Allah za mu je gwajin jinin, kuma zan ga shugabana ko kwanjen zai ɗagu zuwa bayan salla.

Monita_Dakar
In ya ɗagu ka sake tambayar na Rasdhoo yanayin ruwa, daga Mayu iskarsu ke juyawa damina ta shigo. Kuma ka tambayi na Marsa Alam ta ina ake shiga ruwan, ta rairayi ko ta doguwar gada, don in ta gada ce ranar da iska ta tashi rufewa suke.

Ummi227
Anti Nana don Allah burkinin a Dar kika saya ko ana samu a Kano? Ni ma ina so in fara koyon iyon